Na Rubuta Cewa Shanun Kawu Lafiyarsu Kalau

Ina koyarwa a wata firamare a Ngojin lokacin da wata likitar dabbobi ta zo Potiskum daga jami'a, tana binciken ciwon huhun shanu. Gwamnati tana da allurar rigakafi, amma ba za ta isa kowa ba, sai aka ce a gano inda cutar ta fi ƙamari, a fara da can. Mahaifiyata Bafulatana ce, ina jin Fulatanci, don haka aka ɗauke ni tafinta, aka danƙa mini fom da biro. Kaina ya kumbura, ba ƙarya.

Don in nuna ni ɗan gari ne, na fara kai ta rugar kawuna, yayan mahaifiyata, a bayan Mamudo. Garkensa ya haura ɗari, kuma na san tun farkon damina wasu shanun suke tari. Da na aika masa cewa muna tafe, sai ya sa aka kora masu tarin can cikin daji tun da safe. Bai yi haka da mugunta ba. A wurinsu abin kunya ne baƙo ya ga saniyarka a rame, kuma ba a faɗin yawan garke, ana tsoron baki, ana kuma tsoron duk mai biro, don jangali bai fita ransu ba.

Aka shimfiɗa mana tabarma, aka dama fura. Likita ta ce in tambaye shi shanunsa nawa.

Kawu ya kalli ƙasa. "Ɗana, ka ce mata 'yan kaɗan ne, na shan nono."

"Akwai mai tari?"

"Sai alheri. Lafiyarsu kalau."

Ya ɗago ya dube ni, na gane. In na buɗe baki na ƙaryata kawuna a gaban baƙuwa, a kan tabarmarsa, da wane ido zan sake shiga rugar? Na rubuta abin da ya faɗa. Ta ɗebi jinin ƙosassun shanun da aka jawo mata, ta yi godiya. Haka muka yi ruga bayan ruga, kowa da irin amsar Kawu, ni kuma ina ta cika fom.

Mutane suna cewa gwamnati ba ta karanta bincike, a durowa take jefawa. To, wannan dai an karanta, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Rahoto ya nuna yankinmu ba shi da matsala, sai aka tura allurar wasu ƙananan hukumomi.

Kafin kaka cutar ta shiga garken gadan-gadan. Kowace Laraba sai Kawu ya loda biyu ko uku zuwa Kasuwar Shanu, mahauta suna taya su kamar ba sa so. Waɗanda ba su iya tashi ba a rugar aka yanka.

Na tafi Damaturu, na yini a kan benci a wani ofishi kafin wani jami'i ya saurare ni. Mutumin kirki ne, har ruwa ya ba ni. Na ce masa amsoshin ba gaskiya ba ne. Ya jawo fayil, ya buɗe, ya juyo mini da shi.

"Malam, wannan ba sa hannunka ba ne?"

Nawa ne.

"To ka gani. Ba ma sauya tsari don wani ya zo ya ba da labari. Sai an yi sabon bincike."

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"In an amince da shi."

Shekara ta zagayo, ba a zo sabon binciken ba. Da garken ya ƙare, Kawu ya tashi daga rugar, ya dawo ɗakin zaurena, mutumin da bai taɓa sati a gari ba. Ranar kasuwa yakan je ya tsaya kusa da shanun mutane, ba saye ba sayarwa, ya dawo da yamma.

Duk wanda ya zo gaishe shi sai Kawu ya nuna ni, ya ce, "Wannan ɗan nawa har Damaturu ya je saboda shanuna. Allah ya yi masa albarka." Bai iya karatu ba, bai taɓa sanin takardar da na cike a gabansa ce ta hana shi allurar ba. Sau da yawa na shiga zauren da niyyar gaya masa, in ɓige da tambayarsa ko ya ci abinci. Bara ya rasu, ban gaya masa ba.