Kwamfutata a Teburin Lawwali

A Abuja ni gwani ne wajen sanin inda ake shan kofi a yi aiki. Na san wurin da kujerarsa ba ta sa ciwon baya, na san inda ba a hararar mutum ko ya wuni a kan kofi ɗaya. Da Abujar ta fi ƙarfina sai na tattaro kwamfutata na dawo gida Jibiya, ina gaya wa mutane wai hayaniya ce ta ishe ni. Aikina na intanet ne, ko'ina zan iya yin sa in dai akwai wuta da sabis. A gidanmu babu ko ɗaya, sai dangi masu tambayar yaushe zan nemi aikin gaske.

Kwana huɗu ina gantali da jaka a baya, har na dangana da Magama, bakin iyaka, inda na tarar da teburin Lawwali.

Lawwali mutumin Madarunfa ne, can wajen Maraɗi. Ya shigo Najeriya yana saurayi, ya yi shekara goma sha yana dako, buhu a ka daga wannan mota zuwa waccan, har ranar da ƙugunsa ya ce ya gaji. Wata uku ya yi a kwance. Da ya miƙe sai ya kafa tebur, ya fara sayar da shayi da abin da 'yan Nijar ke kira kafe ole, wato kofi da madara mai kauri. Direbobin manyan motoci su ne mutanensa. Ya san mai son sukari cokali biyar, ya san wanda likita ya hana amma yake so a zuba masa a ɓoye. Da teburin nan ya aurar da 'yarsa Salmatu, da shi yake ciyar da mutum tara. Yana da farantin sola a kan rumfa, kuma a ƙarshen bencinsa sabis ba ya yankewa.

Na zauna, na fuskanci titi, na toshe kunnuwana da abin sauraren waƙa. Ranar farko akwai hayaniya. Rana ta uku ta ragu. Kafin mako biyu wurin ya yi tsit, daga ni sai Lawwali yana ta goge kofunan da ba wanda ya sha da su. Ni kuwa sai murna. Har na rubuta wa abokaina na Abuja cewa na gano wurin da ya fi nasu natsuwa, su zo su koyi yadda ake zaɓen wuri. Duk bokon da nake taƙama da shi, ban taɓa tambayar kaina ina mutanen suka tafi ba.

Wani tsohon direba mai suna Nagoggo ne ya buɗe min ido. Ya zo kaina ya zare min abin kunne da hannunsa.

"Kai ɗan nan, 'yan duwan ɗin Nijar suka aiko ka ko kwastan ɗin Najeriya?"

Na ce, "Baba, ban gane ba."

"Ka zamna kana kallon hanya, ba ka amsa sallama, ga motoci cike da allonka kana zana musu akwati. Mi kake so mu ce? Kowa ya koma wajen mai shayin tsallaken hanya."

To, ga aikin da nake ɓoyewa. Wani kamfani ne na ƙasar waje yake turo min hotunan tituna, ni kuma in zagaye kowace mota da layi, in rubuta babba ce ko ƙarama. Iyakarsa ke nan. A gida cewa nake ni masanin fasaha ne. A bakin iyaka kuwa, inda ba direban da yake son a rubuta motarsa, na zama ɗan leƙen asiri ban sani ba.

Kunya ta rufe ni. Na juya na ce, "Malam Lawwali, ka san da wannan?"

"Na sani, Mushe. Tun kwana na ukku." Mushe shi ne yadda 'yan Nijar ke kiran ɗan boko.

"Me ya hana ka kore ni?"

"Na leƙa na ga motocin ba namu ba ne, har da ƙanƙara bisa hanya. Na hwaɗa musu, ba su yarda ba. In kore ka don mi? Kai ma abinci kake biɗa."

Na ce daga gobe ba zan sake zuwa ba. Ya ce sam, in na ɓace yanzu za a ce na gama rahoto na kai, shi kuma ya tabbata mai masaukina.

Washegari Nagoggo ya tara direbobi, na tsaya a gabansu ina gumi, na nuna musu aikin nawa hoto bayan hoto. Suka yi ta dariya, har da mai riƙe ciki. Ɗaya ya ce, "Wato duk karatun ga da ka yi, don ka hwaɗa ma Bature wagga mota ce?" Na ce e, haka ne. Suka yafe min, suka sa min suna Mai Ƙirgar Mota, har yau da shi ake kira na.

Sai dai yafe min da suka yi bai dawo da su duka ba. Rabinsu sun riga sun saba da bencin tsallake. Bayan wata guda na tarar Lawwali ya kife babbar tukunyar ruwan zafinsa a ƙarƙashin tebur, ya koma dafawa a ƙarama. Na tambaye shi, ya ce wai babbar tana cin gawayi ne. Sannan ya miƙo min kofina, ya ce in matsa ciki kada rana ta taɓa min kwamfuta. Na karɓa, na matsa ciki.