Kalmar da Kwamfuta Ta Ƙi Mayarwa

Aikina na farko bayan jami'a shi ne kula da kwamfuta ɗaya tak a wani ƙaramin ofishin aikin gona a Aliero, shekara goma da 'yan kai bayan an yanke mana jiha. Ni mai tsoron ɓarna ne. Ba na taɓa abu sai na duba littafin na'urar sau biyu.

Akwai wani dattijo malamin gona, mutumin Giwa Tazo, da ya yi shekara uku yana gwada irin albasa a fadamar Danwarai. Sakamakon gwajin duk yana cikin kwamfutar, don takardunsa gara ta gama da su. Da yake kowa na taɓa na'urar, sai ya ce in nuna masa yadda zai kulle fayilolinsa, na kuwa nuna masa. Daga baya ciwo ya kwantar da shi wata biyu. Da ya dawo, kalmar sirrinsa ta ɓace masa, ga lokacin yafa iri ya matso, manoma na jiran a gaya musu wanda za su yafa.

"Ɗana, buɗe cikinta ka karanto min," in ji shi. "Ai ajiya na ba ta."

Na ce, a iya sanina, ba ta ajiye kalmar ba. Niƙe ta take yi ta mayar da ita wasu lambobi, ta ajiye garin. In mutum ya sake rubutawa, sai ta niƙa ta gwada da na wurinta. Gari kuwa ba ya komawa tsaba.

"To wanga wane irin mai riƙon amana ne? A ba shi gero ya ce sai gari?"

Shugaban ofis ya san ina da ikon sauya kalmar kowa, ya ce in sauya. Na ce, "Yallaɓai, ina jin tsoro. Mabuɗin fayilolin a kulle yake da tsohuwar kalmar. In na sa sabuwa, mai yiwuwa mu shiga ɗaki mu tarar da akwati a rufe."

"Mai yiwuwa, mai yiwuwa. Kai ba ka da magana sai mai yiwuwa? Abin da anka koya muku ke nan?"

Kwana uku ina jan ƙafa. Ran na huɗu shugaba ya aike ni kai saƙo Maiyama, ya ɗauko mai gyara daga Jega. Kafin in dawo an sauya kalmar cikin minti biyar, har an sallami mutumin. Na tarar da shugaba yana fara'a. "Malam mai yiwuwa, zo ka ga aiki."

Dattijon ya zauna, ya shiga da sabuwar kalma. Sunayen fayilolin na nan reras. Ya danna na farko, ya ƙi buɗewa. Na biyu ma haka. Ya cire tabarau ya riƙe.

Ban ji daɗin gaskiyata ba, don ni na koya masa kullewar kuma ban fitar masa da kwafin mabuɗin ba. Na koma littafin na karanta wurin har sau uku, sannan na ce musu mabuɗin bai ɓace ba, yana nan a ƙunshe. In aka mayar da tsohuwar kalmar daidai, zai kwance. Wannan karon ban ce mai yiwuwa ba. Na kuma roƙi kada kowa ya sake taɓa na'urar, shugaba ya amince.

Muka shiga gwaji. Dattijon ya rubuto kalmomi a takarda: sunayen 'ya'yansa, garinsu, lambar babur ɗinsa. Kowace sai in sa ta, mu fita, mu sake shiga, mu danna fayil. Kwana biyu muna haka, takardar ta ƙare.

Da hantsin rana ta uku dattijon ya ce, "Akwai wata. Amma ba ta rubutuwa ga takarda."

"Me ya sa, Baba?"

"Sunan da tsohuwata ke kira na ne ina ƙarami. In yaran ohis ɗin nan sunka ji shi, na gama aiki. Tashi ka ba ni kujera, ka juya baya."

Na kai shi wurin da ake sauyawa, na fuskanci bango. Na ji ya danna sau shida, ya maimaita. Muka fita muka shiga, ni dai ina kallon bango.

"Juyo," in ji shi.

Jadawalin shekarar farko ne a buɗe. Kafin ya karanta layi ɗaya na sa faifai na fitar da mabuɗin, kwafi biyu, ɗaya ya sa a aljihu, ɗaya aka kulle a durowar shugaba. Na buga dukan sakamakon a takarda. Bayan azahar ya hau babur da takardun ya nufi Danwarai, ya gaya wa manoma irin da za su yafa.