Zaren da Na Ƙona a Gaban Baba

Aikina shi ne ba kaya lamba. Duk abin da zai shigo ƙasar nan ta Amurka, daga allura har injin niƙa, yana da lambarsa a wani ƙaton kundin kwastam, kuma lambar ce take faɗin harajin da za a biya. Ina aiki a wani ɗan ofis na masu fito da kaya kusa da filin jirgi. Ni nake zaɓar lamba, ni nake sa hannu a ƙasa. In na rubuta ƙarya aka gano, lasina za a karɓe, lasin da sai da na zauna jarrabawarsa sau uku kafin na samu.

A kundin nan zare ba abu ɗaya ba ne. Idan auduga ta kai kashi tamanin da biyar cikin ɗari na nauyinsa, lambarsa daban. Idan ba ta kai ba, wata lambar ce. Idan kuwa zaren roba ya rinjayi audugar, ya bar babin auduga kwata-kwata ya koma wani, kuma harajin can ya fi zafi.

Wanda ya kawo mini zaren da nake magana a kai ba baƙo ba ne. Aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Da na sauka New York da akwati ɗaya, shi ya ɗauke ni, a gidansa na titin Grand Concourse da ke unguwar Bronx na yi shekara biyu ina cin tuwon matarsa. Ko bayan na kama ɗakina, duk ranar Lahadi can nake wuni. Ba ni da wani gida a garin nan sai nasa. Sana'arsa kawo zare wa teloli da masu aikin wuyan riga na unguwar Harlem.

Ranar ya shigo da takardunsa da ƙwarya ɗaya ta zaren don in gani. Takardar mai kaya ta ce auduga zalla. Ina taɓa zaren jikina ya ba ni. Yana da wani sulɓi da ƙyalli da auduga ba ta da su, kuma da na ja shi sai ya ƙi tsinkewa da sauƙi. Kakata mai kaɗi ce, da abawa a hannuna na tashi, kuma ba ta taɓa sayen zaren kanti ba tare da ashana a gefen zaninta ba. Ita ta koya mini cewa auduga in ta kama wuta ƙaurin takarda take yi, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi, ta dunƙule.

Na ce, "Baba, ka ba ni izini in ɗan ƙona bakinsa."

Ya ɗago ya dube ni. "Ki ƙona me? 'Yata, mutumin nan shekara talatin muna ciniki. Na kira shi, ya rantse mini da Allah auduga ce. Ki cike fom kawai, kwantena tana jira."

A nan rigimar take. A wajen Baba, in mutum ya rantse magana ta ƙare. Gwada zaren daidai yake da ka kira amininsa maƙaryaci a tsakiyar kasuwa. Na san haka sarai, a cikinsa aka haife ni. Amma kwastam ba su da gurbin rantsuwa a fom ɗinsu, kuma ba sunan aminin nasa ne zai hau takardar ba, nawa ne.

Na ɗauki ashana na fita bakin ƙofa, don kada na'urar hayaƙi ta tara mana jama'a. Ya biyo ni yana faɗa. Na ƙyasta na kara wa zaren. Zaren ya ja baya daga wutar, ya yi baƙin hayaƙi mai warin leda, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo. Da ya huce na murza shi, ya ƙi farfashewa. Na ɗora masa a tafin hannu.

Na ce, "Baba, akwai roba, kuma ba kaɗan ba. Sai an kai shi ɗakin gwaji sun faɗi nauyinta. Kafin nan ba zan rubuta auduga zalla ba."

"Ke yarinya, ni za ki koya wa zare? Ina sayar da shi kafin a yaye ki!"

"Ban ce na fi ka sani ba. Na ce ba zan sa hannu ba."

Na ɗan ɗaga murya, ban kuma janye ko kalma ɗaya ba. Ya tattara takardunsa ya tafi, ko sallama babu.

Kafin Juma'a labari ya gama Bronx. Wai na yi boko na zama Ba'amurkiya, wai na kunna wa dattijo wuta a fuska. Wata ma da ba ta taɓa kirana ba sai ga ta a waya tana mini wa'azin halacci. Mahaifiyata ta bugo daga gida ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yafe mini ɗaga murya. Ya ce zaren fa? Na ce zaren yana nan yadda na faɗa. Matarsa ta raka ni ƙofa tana share ido. Lahadi ta zama ranar wanki a wajena. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, na yi kuka ba sau ɗaya ba. Amma ko a cikin kukan ban taɓa jin da na sani ba. Baba ya kai takardunsa wani ofishin, ban san me suka rubuta masa ba, ban kuma tambaya ba.

Sai bayan kusan shekara, wata ranar Talata da hantsi, na ga mutum tsaye a kaina. Baba ne, ya ɗan rame. Bai gaishe ni ba, bai kawo zancen baya ba. Ya ajiye sabuwar ƙwaryar zare a kan tebur.

Ya ce, "Wani sabon mutum ne. Shi ma ya rantse. Ina ashanar taki?"

Na so zaren nan ya zama toka fiye da yadda na taɓa son wani abu. Ina ganin ƙofar gidansa a buɗe, har ƙamshin miyar Lahadi nake ji. Muka fita bakin ƙofa, na ƙyasta.

Zaren ya ja baya, ya narke, ya dunƙule.

Na ɗora masa a tafin hannu, na dube shi ido cikin ido. Na ce, "Baba, wannan ma da roba."