Ƙwallon da Na Ɗauke a Filin Safana

Samarin unguwarmu a Batsari sun kafa ƙungiyar ƙwallo, suka laƙaba mata suna Ajantina, suna sa riguna masu ratsin fari da shuɗi irin na mutanen waccan ƙasa. Ɗan ƙanena shi ne kyaftin. Ya taɓa gaya mini cewa a can mutum yakan gaji ƙungiya daga ubansa kamar gona, kuma babu abin kunya a wurinsu irin barin fili kafin a tashi.

Da suka kai wasan ƙarshe, wanda za su buga da ƴan Safana a garinsu, iyaye suka hana, domin a shekarun nan ba a bin hanyar idan rana ta yi ja; an sha tare motoci a dajin da ke tsakani. Daga baya suka yarda, bisa sharaɗin in raka su. Na tambayi tsawon wasa, aka ce minti casa'in da hutu. Na lissafa: a fara ƙarfe uku, a yi La'asar a hutun, mu kama hanya kafin biyar. A ƙofar masallaci na ɗauki alkawarin dawo da su da sauran rana. Ni da na shekara arba'in ina koya wa ɗalibai su nemi togaciya kafin su yanke hukunci, ban tambayi hukuncin kunnen doki ba.

Aka hura usur ɗin tashi ana ɗaya da ɗaya. Na naɗe dardumata, sai na ga babu wanda ya motsa. Direbanmu ya matso.

"Malam, ƙarin rabin awa za su yi. In ba a ci ba, sai fenariti. Ni dai biyar da kwata na yi zan tayar da mota, da su ko ba su."

Na kira ɗan ƙanena.

"Baffa, rabin awa kaɗai! Dubi mai tsaron gidansu, ɗingishi yake."

"Ba da rabin awa na yi alkawari ba."

"To mu kwana nan."

"Layin waya a katse yake. Wa zai gaya wa ubanka cewa kwana kuka yi, ba ɗauke ku aka yi ba?"

Ya juya ya koma fili, aka ci gaba da wasa. Na dubi inuwar darbejiyar da nake ƙarƙashinta, ta riga ta tsallake layin fili. Sai na tattare rigata na shiga. Ƙwallon ta gangaro gabana, na sunkuya na ɗauke ta.

Fili ya kaure da ihu.

"Malam ya yi hannu! Alƙali, ina jan kati?"

"Ajantina, kakanku ya zo kai ku gida!"

Alƙalin wasa ya rusuna ya ce, "Allah gafarta Malam, in kun fita, kofi na Safana ne."

Na miƙa masa ƙwallon na ce, "Na Safana ne."

Muka shiga mota, muka kama hanya. A tsakiyar daji babura biyu suka ɓullo daga wata ƴar hanya, direba ya danne totur, ni kuwa na kama addu'a. Sai da muka gifta na ga buhunan gero ne a bayansu.

Mun shiga Batsari ana kiran Magariba, iyaye na tsaye a bakin titi. Na miƙa wa kowane uba ɗansa. Ɗan ƙanena ya dira ta ɗaya gefen, ya wuce ban ga fuskarsa ba. Na shiga sahu, aka ta da salla.