Tiren Baba Seidu na ranar Juma'a

Baba Seidu ya rasu.

Na rubuta layin nan na goge, na sake rubutawa, har yanzu idona bai yarda da shi ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsaye a kicin na ɗora ruwan shayi, sai ga kiran Awudu, wanda suke ɗaki ɗaya da Baba a Wakrah, kusa da Doha. Na ɗauka ina dariya, don a zatona maganar girkin Juma'a ce. Sai na ji yana cewa, "Dokta, Baba ya faɗi a bakin ruwa wajen aiki. Mun kai shi asibiti, sun ce khalas, ya cika."

Na ce wane Baban?

Ya ce, "Baba nawa muke da shi?"

Ruwan nan ya tafasa har ya ƙone a tukunya ina tsaye a kansa ban sani ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Seidu Bahaushen zango ne daga Kumasi, dattijo mai furfura a gemu, mai dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Matarsa da 'ya'yansa duk suna can Gana. A ƙasar nan ba shi da kowa sai mu. Shi ya sa nake wannan rubutun, don dole sai an samu waɗanda za su tsaya masa sallah, kuma wallahi yadda abubuwa suka kasance a 'yan watannin nan ban san ko za a samu ba.

A satin da na sauka Doha karatu na fara ganinsa. Na shiga wani shagon takalman motsa jiki a mall, silifas ɗin da na taho da shi daga Gusau a ƙafata, ina waya da mahaifiyata ina yi mata ƙorafin tsadar garin. Sai na ji murya a bayana ta ce, "Ka gaishe da Hajiya." Na waiga na ga dattijo cikin rigar ma'aikatan shagon yana min murmushi. Ban san sadda na ce "Alhamdulillah" da ƙarfi ba, kamar wanda aka tsinto a daji.

Ya zaunar da ni, ya durƙusa a gabana da girmansa, ya sa min takalmi ya danna bakin da babban yatsa. Na ce ya yi daidai. Ya ce, "Ƙarya ne, ya matse ka, kunya kake ji." Ya kawo wani. Ya sa min ragin da ake yi wa ma'aikata, ya tambayi abin da na zo karanta, daga ranar ya laƙaba min Dokta. Lokacin ko layi ɗaya na thesis ban rubuta ba.

Duk wanda ya zauna a garin nan cikinmu ya san tiren Baba. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, ɗakinsa muke nufa. Waakye yake dafawa, shinkafa da wake irin ta mutanen Gana da ake sa wa karan dafi har ta yi ja, ga baƙin yajinsu na shito, ga ƙwai. Ya juye a ƙaton tire a tsakar ɗaki, mu zagaye, ɗalibai daga Kano da Jos da Zamfara, direbobi da masu gadi daga zango, kowa ya sa hannu. Ba ya karɓar komai daga kowa. In ka kawo ko lemo ne sai ya harare ka.

Muna tsokanarsa da Hausarsa. Sai ya ce "matata ya kira ni jiya," mu fashe da dariya. Shi kuma ya ce, "Ku 'yan Najeriya kun iya magana paa, amma ko ɗayanku bai iya dafa wake ba."

Gaskiyarsa ce kuwa.

Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakina a unguwar Ain Khaled, ban gaya wa kowa ba. Da bai gan ni a bakin tire ba, washegari sai ga shi a ƙofata da fulas ɗin koko da ƙosai a leda, ya hawo bas tun daga Wakrah kafin ya wuce shift. Ya tsaya a kaina sai da na shanye. Kuma ban san adadin ɗaliban da ya ɓoye wa takalman yara ba in an yi ragi a shago, don su samu tsarabar komawa gida.

Sai wannan magana ta zo.

Kun tuna hoton da ya yi ta yawo, na takalmin kamfanin nan mai launin bakan gizo, da sanarwar da suka fitar can ƙasarsu cewa suna goyon bayan masu auren jinsi. Group ɗinmu ya kama da wuta. Aka ce a ƙaurace musu, kada wanda ya ƙara sayen ko safa. Ni ma na daina saye, kuma ban ɓoye ba. Aljihuna ne, ina da ikon kai shi inda zuciyata ta kwanta. Can ma na ga wasu suna ƙaurace wa kamfanonin da suka ƙi ɗaga wannan tutar, kowa dai da aljihunsa yake magana. Har nan babu abin da ya dame ni.

Sai wani ɗan'uwa ya jefo tambaya a group: to wanda yake karɓar albashi a wajensu fa? Abincin da aka saya da wannan albashin fa?

Bai ambaci suna ba. Amma duk cikinmu mutum ɗaya ne yake aiki a shagon kamfanin.

Daga nan aka shiga turo saƙon murya, wannan ya yi doguwa, wancan ya yi wadda ta fi ta. Mutanen da na sani ko hukuncin ƙabli da ba'adi sai sun tambaya, ranar kowa ya zama mufti. Na rubuta cewa mu je mu tambayi malami tukuna, mu bar ɗora wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba. Aka ce ina kare ɓarna. Wani ma ya biyo ni ta gefe ya ce in ji tsoron Allah.

Juma'ar da ta biyo baya rabin mutane ba su zo ba. Ta gaba kuma tiren ya fi ƙarfinmu. Mutanen da ya yi sahu ɗaya da su sai su gaishe shi a ƙofar masallaci su ce suna da deadline. Akwai wanda kunya ta sa ya biyo mu har ɗaki, ya zauna a gefe ya harɗe hannu, ya ce azumi yake. Baba ya dube shi ya ce, "Azumi ranar Juma'a kaɗai, Malam? Jiya na gan ka da shayi." Ya yi dariya, mu ma muka yi, amma na ga yadda ya juya ya shiga gyara murfin tukunyar da ba ta buƙatar gyara.

Shi bai ma san takamaimai me ake ciki ba, don wayarsa ta kira ce da sauraron karatu. Da muka rage mu biyu ya ce in gaya masa laifinsa. Na nuna masa hoton. Ya riƙe wayar nesa da idonsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Dokta, wannan takalmi ban taɓa gani a shagonmu ba koraa, ko sau ɗaya. Nan ko an kawo ba a bari a sayar. Ni ƙafar mutane nake aunawa. Wanda ya shigo, lambar ƙafa nake tambayar shi, ba abin da yake yi a ɗakinsa ba."



Wata Juma'a ya taho masallaci kai tsaye daga shago da rigar aiki a jikinsa. Na lura ya manna baƙin salatif a kan tambarin kamfanin da ke ƙirjinsa. Dattijo kamar wannan yana ɓoye rigar da yake ciyar da iyalinsa da ita, don kada ran sa'o'in 'ya'yan cikinsa ya ɓaci. Ranar ban fahimci komai a huɗuba ba, salatif ɗin nan kawai nake kallo.

Ya ci gaba da dafa adadin da ya saba, ko za a dawo. Abin da ya ragu sai ya zuba a robobi ya miƙa wa maƙwabtansa 'yan Nepal da 'yan Bangladesh. Daga baya ya ce mana gas ɗinsa ya samu matsala, a dakata tukuna. Mu 'yan kaɗan da muka rage mun san babu abin da ya samu gas.

Ganina na ƙarshe da shi satin da ya wuce ne. Ya kira ni ya ce mu haɗu a Corniche, bakin teku, bayan la'asar. Na same shi zaune yana kallon jiragen katakon nan da ke ɗaure a bakin ruwa. Da ƙyar na gane shi. Ya yi baƙi, ya faɗa, tafin hannunsa duk ya tsage, kuma duk turaren da ya fesa bai rufe ƙarnin kifi ba.

Ya ce ya bar shagon. Ya yi ta roƙon kafil, ubangidan da takardunsa ke hannunsa, har ya sake shi, ya samu aiki a tashar masunta ta Wakrah, yana sauke kwandunan kifi da ƙanƙara daga jirgi.

Raina ya ɓaci har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Haba Baba, a shekarunka? A wannan zafin? Ka bar inuwa da sanyi ka koma dako? Wa ya ce ka bari?"

Ya ce, "Babu wanda ya ce. Amma Dokta, in ka dafa abinci aka ƙi ci, kai ma ba ka jin daɗinsa a baki. Ni tun ina yaro gidanmu ba a cin abinci mutum ɗaya." Sai ya shinshina hannun rigarsa ya yi wannan dariyar tasa. "Yanzu kuɗina warin kifi yake, babu mai cewa komai. Ka gaya musu Juma'a mai zuwa su zo, zan dafa. Har kifi akwai."

Da za mu rabu ya kalli ƙafata ya girgiza kai. Ya ce, "Takalminka ya mutu, Dokta. Ka sayi wani, ko na wane kamfani ne. Yalla, ka je, magariba ya kusa."

Na sa gayyatar a group a ranar. Duk kun gani, tana nan ban goge ba. 'Yan kaɗan suka amsa, sauran suka karanta suka wuce.

Yau da na isa Wakrah, Awudu ya buɗe min ɗakin. Ga buhun shinkafa a jingine ko kwance bakinsa ba a yi ba, ga wake, ga karan dafi a ɗaure. Sai na ga tire biyu a jikin bango. Na ce na biyun fa? Awudu ya ce, "Jiya ya aro wajen maƙwabta. Ya ce wannan karon mutane za su yi yawa, ɗaya ba zai isa ba."

A nan na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro.

Ban ce wani ya kashe shi ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma na san kwana in ya ƙare ko a cikin shagon yake zai tafi. Ba kuma yau ce ranar muhawara a kan ƙauracewa ba, wanda ya daina saye ya ci gaba da abinsa. Amma zan faɗi abin da ke cina. Kamfanin nan bai san an taɓa yin wani Baba Seidu a duniya ba. Ko sun yi asara ko ba su yi ba, ni ban sani ba. Wanda na ga abin ya taɓa da idona mutum ɗaya ne, mai kallon gabas ɗaya da mu, wanda ya ciyar da mu lokacin da ko hanyar kasuwa ba mu sani ba a garin nan.

Ɗazu na yi magana da babbar 'yarsa, Rabi, daga Kumasi. Iyalin sun yarda a binne shi a nan. Ana kan takardu, kuma an ce mana in sha Allahu ranar Juma'a bayan la'asar za a yi jana'iza a maƙabartar Abu Hamour. Ta yi kukanta ta gama, sannan ta ce, "Yaya, Baba kullum yana ce mana yana da 'ya'ya da yawa a can. Akwai waɗanda za su yi masa sallah?"

Na ce mata akwai, da yawa.

Ta ce to in ɗaukar musu hoton sahu, mamanta na so ta gani.

Na ce to.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Seidu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya masa makwanci, Ka ciyar da shi daga abincin Aljanna kamar yadda ya ciyar da baƙi a ƙasar da shi ma baƙo ne. Ka ba Rabi da mahaifiyarta da ƙannenta haƙuri. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta, ko a ina kake, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce. Ku kuma 'yan'uwana na Doha, wanda ya taɓa cin tiren nan da wanda ya daina ci, ba zan tambayi kowa komai ba, ku dai zo. Akwai wata tsohuwa a Kumasi da za ta riƙe waya tana duba sahu ranar Juma'a, kuma na riga na ce mata muna da yawa.