Tafkuna Huɗun Malam Zailani

Duk wanda ya shiga falon Malam Zailani a unguwar Peckham ta Landan sai an nuna masa taswirar nan, ko yana so ko ba ya so. Ni Almu, da muka zauna ɗaki ɗaya muna ɗalibai, na haddace labarinta, amma har yau ina jin daɗinsa.

A 1976 gwamnatin jiha ta turo shi Landan koyon zanen taswira, lokacin da arzikin man fetur ya sa ake ɗebo mu jirgi-jirgi. Ɗan makiyayi ne daga wajen Nguru, Turancinsa da ƙyar, ga taurin kai. Ya sani sarai idan ya faɗi, gida zai koma ya ci gaba da kwafar zanen wasu har tsufa.

A jarrabawar ƙarshe aka raba musu hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, na wata gunduma a tsaunukan Bolibiya, ƙasar ƙabilar Kecuwa masu kiwon lama, dabbar nan mai dogon wuya kamar ɗan raƙumi. Ƙauyuka kaɗan ne, sai tafkuna goma sha ɗaya a tsakanin duwatsu. Kowa ya shafa wa dukkansu shuɗi. Zailani ya shafa wa bakwai, huɗu kuwa ya zagaye su da ɗigo-ɗigo, alamar ruwan da ke ƙafewa da rani.

Malaminsu Bature ya ce ruwa dai ga shi a hoto. Ya ba shi mako guda ya gyara, ko ya faɗi.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam Zailani, ka yi changing kawai mana! Ƙasar da ba ka taɓa takawa ba?"

Ya miƙo mini gilashin ƙara girma. "Almu, dubi hanyar dabbobin nan. A manyan tafkuna zagayawa take yi. A nan kuwa ta faɗa ruwa ta gabas, ta ɓullo ta yamma, miƙe sambal. Dabba ba ta yin burtali a cikin ruwa. Da damina aka yi hoton nan."

Ya mayar wa malamin da taswirar yadda take, ya roƙi a nemo hotunan rani. Kwana goma ba ya cin abincin kirki, ni kuma ina ta yi masa tsiya don in ɓoye tsorona.

Da hotunan suka iso, malamin ya baza su a gaban aji. Tafkuna bakwai na nan cike. Huɗun nan kuwa fili ne fetal, garken lama na kiwo a tsakiya. Malamin ya cire tabarau, ya tambaye shi wace makaranta ta koya masa wannan.

Zailani ya miƙe, ya gyara hularsa. Ya ce, "A bayan shanun babana."