Katin Asibitin Kamfani

Baba ya fara laluben bango a shekarar da na samu aiki a wani katafaren kamfanin fasaha, irin wanda manhajarsa ke cikin wayar kowa. Ofishinsu na Legas, ni kuwa daga ɗakina a unguwar Bolewa nake yi musu aiki. Zancen Allah, aikin da daɗi. Sun aiko min da kwamfuta, na sa sola a gida, na sake rufin ɗakin Inna. In aka kira mu Legas, abinci har sai ka ture. Mutanen unguwa dai sun kasa gane yadda ƙato zai wuni a ɗaki yana magana da gilashi a ce aiki yake.

Baba dillalin shanu ne a kara. Daga nesa yake kallon sa ya faɗa maka shekarunsa. Da idon ya fara yi masa hazo, likita a nan Potiskum ya ce hawan jinin ido ne, a kai shi Kano da wuri.

A ranar na dawo gida da bakina, wai ni mai albishir. Na ce, "Baba, kamfani zai ba ni katin asibiti, ni da iyalina, manyan asibitocin Kano duka. Sai dai sai na gama watannin gwaji."

Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba. Ya ce, "Kai, kamfanin ne da kansa ya ce?"

Na ce shi ne.

"To a jira shi. Mutum ya ce zai yi maka abu, ba ka riga shi."

Na ce ina da halin kai shi gobe-goben nan. Ina! Ya riga ya kafe. Kafin sati ya zagayo duk kara ta ji cewa kamfanin ɗansa zai gyara masa ido. Har tsokanarsa suke, "Alhaji na kamfani!" Yana dariya, yana riƙe da kafaɗar wanda ke kusa.

Katin ya zo bayan damina. Muka hau mota zuwa Kano, Baba da babbar rigarsa ta Juma'a. A asibitin, matar da ke kan kantar karɓar marasa lafiya ta duba kwamfuta ta ce, "Malam, mata da 'ya'ya ne kawai a kai."

Na ce, "An ce iyali."

Ta ce, "Shi ne iyalin ai."

Wallahi raina ya ɓaci. A gidanmu duk wanda ya ci daga tukunyarka iyalinka ne, balle wanda ya saya maka tukunyar. Na koma gefe na rubuta wa kamfani. Nan take amsa ta zo, mai laushi, cike da ban haƙuri, daga wata da ban taɓa gani ba kuma ba zan gani ba. Abin da ya fi ci min rai da babban kamfani ke nan: babu ƙofar da za ka je ka tsuguna, babu dattijon da za ka aika. Kowa kirki gare shi, kuma ba mai iya komai.

Na biya da kaina, abin da zan iya tun farko. Likitan ya daɗe yana haska idon, sannan ya ja ni waje ya ce na hagu ya tafi, na dama ma saura kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya tambaye ni me ya sa muka zauna.

A hanyar dawowa, da muka wuce Azare, Baba ya juyo wurina. Ashe ya ji komai a wurin kantar. Ya lalubo gwiwata ya ce, "Kai, kada ka bar aikinka saboda wannan. Ka ji ko?"

Na ce na ji.

Can kuma ya ce, a hankali, don kada fasinjoji su ji, "Amma in ka samu dama ka tambayar min su. In ni ba iyalinka ba ne, to a wurinsu ni mene ne naka?"

Har yau ina aikin. Baba bai sake zuwa kara ba.